Baƙin da Suka Cika Zaurena

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, amin. Yau Talata. Na tashi da kumburin ƙafa, hannuna kuma yana rawa, sai ki yi haƙuri da rubutun. Waya ba ta yi mini amfani yanzu, kunnen ya tafi, kuma maganar ba ta ɗaga murya ba ce.

Kin ji labarin annobar amai da gudawa da ta shigo mana. Abin da ba ki ji ba shi ne halin da 'yarki take ciki, wato Amaryata, mai cewa na tsufa ta fasa auren. Kin san tana aiki a ƙaramin asibitin nan na masu ciwon sanyi da cuta mai karya garkuwar jiki, wanda ƙofarsa take ta lungu don kada a ga mai shiga. To, an rufe shi. An kwashe ma'aikatan kaf an kai su tantin masu annoba. Masu karɓar magani wata-wata kuma aka ce su koma tagar babban asibiti, inda ake ƙwala kiran suna a gaban jama'a, mutum yana riƙe da katin da kowa ya san launinsa.

Ni duk ban san wannan ba. Abin da na gani kawai, zauren nan da ba mai leƙawa tun rasuwar mahaifiyarki, sai ga baƙi. Wannan ya zo gaishe ni, wancan ya zo duba ƙafata. Amarya takan ajiye kwali a bayan kujerata, ta ce gishiri da sukari ne na masu gudawa, kowane ƙulli da alamarsa, mai shi zai ɗauka. Don murna har sabuwar tabarma na sa aka sayo. Na ɗauka mutane sun tuna da ni.

Ranar Juma'a ƙulli ya suɓuce daga hannun wani, na ga kwalbar ƙwayoyi ta gangaro har gindin ƙafata. Idona bai mutu ba, na karanta abin da ke jikinta. Ya dube ni, na dube shi. Shekara da shekaru sahu ɗaya muke salla da mutumin nan. Ba zan rubuta miki ko wane ne ba. Ya tsince kwalbarsa, ya yi sallama ya fita.

Da Amarya ta zo na tsare ta. Ta zauna nesa da ni wai kada ta shafa mini wani abu, hannuwanta duk sun tsage saboda ruwan magani. Ta ce mutanenta sun daina zuwa, sun gwammace ciwon ya ci su da a kira sunansu a tagar nan. Ita da shugabarsu suka yanke shawarar raba musu maganin a zaurena, wai ba mai tambayar dalilin shiga gidan tsoho. Na ce ashe ba ni ake zuwa gani ba. Sai ta ce, "Angona, in ka kore su, ba su da wata ƙofar." Ban kore su ba. Yanzu in sun shigo sai in kau da kai, in yi ta zancen ƙafata har su ɗauki nasu.

Amma ita nake jiye wa tsoro. Ta rame ƙwarai, a tsaye take cin abinci in ma ta samu. Masu babur ba sa ɗaukarta in sun hango farar riga. Abokan aikinta biyu sun kwanta a tantin da suke jinyar mutane, ɗaya ta rasu shekaranjiya, yarinya sa'arta. Don Allah ki zo, ko ki turo ƙanenta. Ni ba ni da ƙafar bin sawunta.

Ki gaishe mini da maigidanki, da 'yan biyu, da Auta. Gwaggonki ma tana gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki,
Mahaifinki.

Ƙari: Amarya ta ce yau da hantsi za ta kawo sabon kwali, na baya ya ƙare. Ga shi an yi la'asar. Wata mata mai tsohon ciki tana zaune a zaure tun azahar, mun gaisa har gaisuwar ta ƙare mana. Na roƙi maƙwabci ya je tantin, sun hana shi shiga, kuma ba wanda ya gaya masa komai. Amarya ba ta zo ba.