Waƙar da Ban Bari Ka Ƙarasa Ba

Baban Ruƙayya,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iso ka ba, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Gida lafiya. Dabinon nan biyu na bayan gida sun yi 'ya'ya bana, na raba wa maƙwabtanmu na unguwar Ƙuba kamar yadda ka saba. Ruƙayya tana nan tana aiki a funduƙ, otal ɗin nan na kusa da Harami, tana karɓar baƙi. Ta dalilinta na ɗauki biro yau.

Ka tuna waƙar nan taka? Wadda ka koya a jirgin ruwan kaya tun kafin aurenmu, wajen abokin aikinka mutumin tsibirin Hawai. Shekara talatin da wani abu kana rera ta, kana ban ruwan dabino ko kana gyaran mukayyif ɗin sanyaya ɗaki, ni kuma kullum ina katse ka. Nakan ce dattijo a garin Manzo bai kamata ya riƙa waƙar da ba a san ma'anarta ba. Sai ka yi murmushi ka bar waƙar. Gaskiyar da ban faɗa maka ba ita ce haushi nake ji. Gani nake akwai wata rayuwa taka a can cikin teku da babu ni a ciki.

Ashe Ruƙayya ta ɗauki muryarka kana rera ta a jawwal ɗinta, wayarta ta hannu, ranar wata Sallah, ina can ina dafa abinci. Satin da ya wuce wata dattijuwa 'yar Hawai da ta musulunta ta sauka wajensu don ziyara. Ruƙayya ta kunna mata. Matar ta yi dariyar lafazinka, daga baya ta share hawaye.

Ta ce waƙar soyayya ce irin ta kakanninsu. Su ba sa fitowa fili su ce ina son ki. Sai mawaƙi ya yi maganar yayyafi da ke sauka kan wata fure a gefen dutse, wanda ya sani ya san shi ne yayyafin, matar ce furen. Ta ce yawanci mutum ɗaya ake yi wa, kamar kyauta, a baitin ƙarshe kuma ake bayyana don wa aka yi. A naka baitin ƙarshen akwai kalma ɗaya da ta ce ba ta yarensu ba ce.

Ruƙayya ma ba ta gane ba, sai ta kawo mini. Na saurara sau uku. Ladi ka ce. Sunan da Inna take kirana da shi, wanda yaranmu ba su sani ba, wanda bakinka bai sake furtawa a gabana ba tun ranar da aka kawo ni gidanka.

Me ya sa ba ka taɓa cewa in bari ka kai ƙarshe ba? Kunya ce? Ko jira kake in gaji da kaina?

Jiya bayan La'asar na je maƙabartar Baƙi'a. Ka san mata ba ma shiga. Na tsaya a jikin katanga, ban san ko wanne ne naka ba cikin kaburburan nan marasa suna, sai na yi wa kowa sallama, na roƙa maka gafara. Ni ma ka yafe mini.

Sai mun haɗu, in Allah ya so.

Matarka,
Hajara