Ni na buɗe roba ta bakwai

Zuwa ga jikana kuma angona, Bashiru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da malamanka. Gwandu lafiya lau, sai kakarka da abinci ya daina yi wa daɗi. Na rubuta wagga wasiƙa a fili ne don mutanen Wurogauri su ma su ji.

Ka tuna lokacin da ka cika mini tsakar gida da ƙasar gonakin mutane da ganyen alayyahu? Ka shanya, ka daka, ka tankaɗe, ka zuba a robobi ka liƙe bakinsu. Na ce wane irin miji ne wannan, ana kawo wa amarya atamfa, shi yana kawo ƙasa.

Ka ce ƙasa da ganye suna fitar da wani haske da ido ba ya gani, akwai na'ura cikin tukunyar dalma mai ƙirga shi, ta faɗi ko ya yi yawa. Ka ce robobin su yi wata guda a rufe, ko iska kada ta fita. Sau uku ka maimaita.

Bashiru, ka san ni. Kana tafiya na ɗauki ta bakwai, ta gonar Malam Hantsi na Wurogauri, na shige ɗakin ajiya inda ke da duhu, na buɗe ta, wai ko ni zan ga hasken. Ban ga komai ba. Garin fitowa na yi tuntuɓe da turmi, rabi ya zube. Na ɗebi ƙasar gefen murhu, da tokarta da komai, na tankaɗe, na cika, na liƙe. Har yabon kaina na yi.

Da ka kira ka ce ta bakwai ta fi sauran a wajen awo, ba abin tsoro ba ne amma ta ɗaure maka kai, ban kawo komai a raina ba. Ka ce in yi shiru. Ni kuwa aka yi suna a Kalgo, mata suka zagaye ni, na ba da labari na sa masa gishiri. Kafin a raba goro, gonar Malam Hantsi ta zama mai guba.

Yanzu alayyahunsa yanƙwanewa yake yi a kasuwa. Mutumin da ya ba ka ƙasarsa da hannu biyu, har ya haɗa ka da rake.

Sai shekaranjiya, da ka ce abin da ya hau a awon nan toka ma cike take da shi, na gane tokar murhuna ce ta jawo duk wannan.

Ɗan nan, kada ka sa ta bakwai a littafinka. Nuna wa malaminka takardar nan, ya san kai ba ka yi ha'inci ba. Ka dawo ka ɗebi sabuwa, ka ajiye a gidan kawunka, nesa da ni.

Gobe zan hau mota in tafi Wurogauri. A gaban jama'a na ɓata gonar, a gabansu zan durƙusa.

Allah shi ba ka sa'ar karatu, shi mayar wa Malam Hantsi da kasuwarsa, shi sa ku biyun ku yafe mini tun ina da rai.

Taka tsohuwa mai kunya,
Hajjo