Yayen Ɗanliti

Kambarawa, Katsina

Malam,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya karatu, ya zaman Zariya? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Na ɗauki biro ne saboda in ka kira waya bakina nauyi yake yi, sai in ɓige da ba ka labarin wuta da ruwan famfo.

An yaye Ɗanliti. Ranar Juma'a Hajiyarka ta aiko aka kai mata shi Ƙofar Marusa, ta ba shi rubutu da kunu, ta kuma kafa mini doka kada ya ga ko ƙeyata sai ya manta da nono. Na zaci zan huta. Ka san yadda muke fama: in saɓe shi zuwa kwaleji, in bar shi wurin Indo mai sharar ofis, ina tsakiyar lacca kunnena na bakin taga. Yanzu na gama duba takardun jarrabawa ba wanda ya fizge mini jan biro, amma gidan ya yi mini faɗi. Jiya a aji nono ya jiƙa mini riga, na ja mayafi na rufe, na ci gaba da bayani kamar ba komai.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Hajiya ta ce tunda aiki ya yi mini yawa, kai kuma ba ka nan, ta riƙe angonta ke nan sai ya isa shiga makaranta. Don tausayina ta faɗa, a gaban ƙannenta kuma. Ɗan fari ne, wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce tana so? Ni da nake cika aji da surutu, sai na sunkuyar da kai na ce an gode.

Malam, ina son ɗana a ɗakina, ko da wahalar za ta ninka. Amma kada ka yi mata maganar, sai ta ce ƙararta na kai.

Taka,
Saudatu

Malam,

Ina gaisuwa, da fatan jarrabawarku ta zo da sauƙi. Saƙonka ya iso, na kuma ji lallashin.

Shekaranjiya da na tashi daga kwaleji ban nufi gida ba, Ƙofar Marusa na wuce. Na tarar da mutumin naka a cinyar Hajiya, ya yi kumatu, yana dambe da tuwo. Da ya gan ni sai ya ɓoye fuska a zanenta.

Na durƙusa na gaishe ta, na rasa ta inda zan fara. Sai kawai na ji bakina ya ce ta yi haƙuri da rashin kunyata, ina son a ba ni yarona. Na ce in ta yarda zan riƙa kawo shi da safe, in ɗauke shi in na tashi aiki.

Na tabbata na ɓata. Can ta goge masa baki, ta ɗora mini shi a baya da hannunta, ta ɗaura zanen. Tana ɗaurawa ta ce, "Ni ma an kai nawa yaye gidan kakarsa, bai dawo ba sai da ya fara gemu. Ni ban iya faɗa ba."

Kai take nufi, Malam. Tun da na shigo gidanku ban taɓa jin ta kama sunanka ba, sai dai ta ce wannan yaron, na ɗauka kunya ce kawai.

Ɗanliti yana nan yana barci a kan takarduna. Ranar Asabar in ka sauka a tasha, kada ka fara zuwa nan. Mu za mu jira. Ka wuce Ƙofar Marusa, ka zauna kusa da ita, ka daɗe.

Taka har kullum,
Saudatu