Launi Ɗaya Ba Ƙarfi Ɗaya Ba Ne

Zuwa ga Shugaban masu kawo kayan gyaran rediyo da sola a Kaura Namoda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da iyali da abokan sana'a.

Ranka ya daɗe, ni dattijo ne mazaunin Zurmi. Na karanta lantarki tun takarda na da daraja, na yi aikin gwamnati har aka sallame mu ba ko na gode. Na daina rubuta wa manya, don na sha ganin irin takardun a hannun mai ƙosai. Ku dai ina kyautata zaton za ku ji.

Na ɗaya. A bazarar nan famfon solar unguwarmu ya tsaya. Na buɗe akwatinsa na tarar rizista ɗaya ta ƙone, wato ɗan abin nan mai zobban launi da ke rage wuta. Hanya ba ta biyuwa kamar da, sai na aiki direba wani shago a Kaura Namoda da bayani: ruwan ƙasa, baƙi, ja, mai wat biyu. Ya kawo mini ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, alhali wadda ta ƙone ta kai gyaɗa. Mai shago ya ce masa ai launi ɗaya ne, tsoho ne ke son wahala. Na mayar. Kafin direban ya sake juyowa, matanmu da 'ya'yanmu sun koma ɗibar ruwa a rafi, inda yanzu ba mai aika nasa da kwanciyar rai.

Na biyu. Launi yana faɗin yawan wutar da rizista ke tarewa ne kawai. Girman jikinta ke nuna zafin da za ta jure, wato wat ɗinta. Jaki da raƙumi duk suna ɗaukar kaya, amma ba a aza wa jaki na raƙumi. Babba tana zama gurbin ƙarama, ƙarama ba ta zama gurbin babba. A Dauran wani mai gyara ya sa mai kwatan wat a irin wannan gurbi, ta ƙone ta ja abin da ke kusa da ita.

Na uku, ban ce ha'inci ba ne. Ba wanda ya taɓa gaya wa masu shago. Mai shagon nan da kansa, da ya aiko daidai, ya haɗo da tambaya: yaya ake ganewa? Rabon da a tambaye ni abin da na karanta har na manta.

Roƙona: a ware rizistoci bisa ga wat, kowace da gwangwaninta, kuma a riƙa tambayar mai saye girman da yake nema. In kun ba ni benci ranar kasuwa, zan zo in nuna wa duk mai so, kyauta, muddin hanya ta yi kyau.

Famfonmu yana zuba yanzu. Na ƙauyukan Shinkafi da Birnin Tsaba nake ji, don ba kowace unguwa ke da tsoho mai taurin kai ba.

Allah ya sa albarka a kasuwarku, ya tsare direbobinmu, ya dawo mana da zaman lafiya.

Wassalam.
Wani dattijo daga Zurmi