Jirgin Baba da Injin da Ka Aiko

Isa,
19 ga Oktoba, 1984.

Zuwa ga ƙanena Lawwali, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta zumunta, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da Habi da ɗiya duka, Ya kuma tsare ku daga abin da muke gani a nan. Mu dai muna raye. Tasalla ta rame, amma tana kan ƙafafunta. Jikokinmu suna wajenmu tun da ubansu Amiru ya yi kudu neman abinci, har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba. Yaya Saude ta aiko daga Tsamaye cewa ƙafarta ta yi sauƙi.

Ban ɗauki alƙalami don in tone tsohuwar magana ba, amma ita ta kawo mu inda muke, saboda haka za ni faɗe ta. Lokacin da Baba ya rasu ina magatakarda a ofishin En'e a Sakkwato, da teburina da masinjana. Dangi suka taru suka ce babba shi ke komawa gida ya riƙe mashigi, kada jirgin gidanmu ya ruɓe a bakin gulbi. Na bar tebur na dawo. Kai aka bari ka ci gaba da karatu, ka kuma ce in ka ƙare za ka zo mu riƙa yi tare. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Abin da ya zo daga wajenka shi ne tsohon injin jirgi cikin akwatin katako, bayan yaƙin basasa, da saƙon cewa zai hutar da ni tuƙi. Ya hutar da ni, ban musa ba. Ya hutar da ni har kafaɗuna suka manta da gorar tuƙi.

Bana hatsi ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya yana kallonmu, ya bushe a tsaye. Bara ma kusan haka aka yi. Rumbunmu in ka leƙa ka yi magana sai muryarka ta dawo maka. Gulbi kuwa rairayi ne har tsakiyar damina, jakuna na ratsa shi. Sai kwatsam ruwan da aka yi can ƙasar Zamfara ya gangaro, ja wur, ya cika shi baki da baki. Kowa ya san ba zai daɗe ba. Amma muddin yana nan, mutanen ƙetare ba su da hanyar zuwa kasuwa da wurin rabon masarar gwamnati sai ta jirgi, kuma bana ba wanda ke biya da kuɗi, 'yar tsaba ake zuba maka a ƙwarya. Na ce wa Tasalla in ruwan ga ya ciyar da mu, jirgin Baba ya zauna. In bai ciyar da mu ba, to jirgin ne zai ciyar da mu, don ba sauran abin sayarwa a gidan nan.

Na fito da injin daga ɗakin da ya yi rani da bazara, na ɗaura shi, na gauraya fetur da baƙin mai yadda na saba, na ja igiya. Ya tashi nan take, yana ruri kamar sabo. Na ɗauki mata da awakinsu da wani falke mai gishiri. Muna kaiwa tsakiyar ruwa sai ya fara tari. Ya yi, ya tsallake, ya yi, ya tsallake, ya sheƙa kamar tsoho ya hau tudu, ya yi shiru. Ruwa ya juya mu ya yi gangare da mu. Na ɗauki gora, ba ta kai ƙasa ba, da ta kai ma ba ni da ƙarfin wanga jirgi da kayansa. Wani reshen giyayya muka kama. Matan suna salati, falken nan kuwa ya ce mini in kai Alhaji asibiti, tarin fuka ke damunsa. Tun daga ranar sunan injinka ke nan a mashigi, Alhaji mai tari.

Ka san ba na yin abu da ka. Littafin da ya zo da injin Turancinsa bai gagare ni ba, ko da yake gara ta ci rabinsa. Na fara da fulogi. Na kwance su, na kankare baƙin da ya taru, na daidaita bakinsu. Na buɗe tanki na leƙa, mai na nan. Na ja igiya, ya tashi lafiya lau. Na sake ɗaukar mutane, tsakiyar ruwa ya sake yi mini tarinsa. Na ce to ruwa ne a cikin mai, don fetur ɗin kwalba muke saye wajen masu kai shi Nijar, ba ka san abin da suka zuba ba. Na juye shi duka na tace da tsohon rawanina, na bar shi ya kwanta. Haka dai. Na kwance kafireta a kan tabarma, na wanke kowane ɗan rami, na hura da baki har kaina ya yi nauyi. Na sauya tiyo. Kullum a bakin gaɓa lafiyarsa ƙalau, sai ya ga ya raba ni da ƙasa sannan ya tuna da ciwonsa.

Daga nan na ɗora shi a bayan akori-kura na kai shi Sabon Birni wajen Bawa, mai gyaran babura da injin niƙa. Tankin na bar shi gida, don nauyi. Bawa ya tsoma ƙafar injin cikin durom ɗin ruwa, ya ba shi mai daga galan ɗinsa, ya tashe shi. Ya yi ta ruri ko tari ɗaya babu, har maƙwabta suka fara ƙorafi. Bawa ya ce shi bai ga ciwo ba, sai dai ko kwayil mai ba inji wuta ne ke gajiya in ya yi zafi, kuma irin wannan kwayil sai Kano ko Kaduna. A lokacin ne na aika maka da saƙo ta hannun direba. Ban sani ba ko ya iso. Na fi son in ɗauka bai iso ba. Liman ma ya ba da rubutu an yayyafa wa injin, don Tasalla ta ce bakin mutane ne. Ban hana ba.

Ina wannan zirga-zirga ruwa na janyewa. Mutane suka koma wajen Maliki, wanda ke da ɗan ƙaramin kwalekwale da samarin ɗiya masu kafaɗa. Ban ga laifinsu ba, wa zai sa buhun masararsa a jirgin da ke suma a tsakiyar gulbi? Ina zaune a gaɓa da sukurdireba a hannu ina kallon ƙwaryarsa tana cika. Bayan 'yan makonni ruwan ya dawo ƙugu, ya dawo gwiwa, mutane suka naɗe wando suna wucewa ta gefena suna yi mini sannu da aiki.

Sai da komai ya ƙare na gano ciwon. Na zo juye sauran man in ba Bawa, na murɗe murfin tanki, na ji ya ja iska, fuu, kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci. Na sha jin wannan ƙarar duk lokacin da na buɗe in duba mai, ban taɓa sa ta a rai ba. Na juya murfin a rana. Akwai ɗan ƙaramin rami a samansa wanda tanki ke shaƙar iska ta ciki yayin da mai ke fita. An liƙe shi da kakin zuma, an shafe shi sumul, ƙura ta hau har ya zama kalar murfin. In na buɗe na leƙa, tanki ya sha iska, inji ya tashi. In muka yi nisa iskar ta ƙare, mai ya ƙi tafiya. Shi ke nan ciwon Alhaji.

Na nuna wa Tasalla. Ba ta ko ɓoye ba, don ba ta san ta yi wani abu ba. Ta ce da bazara ta riƙa jin warin fetur a ɗakin, ta bi shi har ta gano ta inda yake fita, ta ce a ranta ga abu mai tsada rana tana shanye mana shi a banza. Sai ta liƙe shi yadda take liƙe bakin gyandamar iri kada ƙwari su shiga. Ta ce ai bana ba abin da ta bari a buɗe a gidan nan. Da na gaya mata abin da kakin ya yi, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zanenta. Ban yi mata faɗa ba, Lawwali. Matar da ke auna gari da tafin hannu don jikoki su kai gobe, me za ni ce mata? Na sa ƙaya na tsokale ramin. Na ɗaura injin a durom, ya yi ta ruri har na gaji da jinsa na kashe.

Yanzu injinka lafiyarsa ƙalau, yana jingine a zaure. In kana so ka aiko a ɗauka. Kada ka wahalar da kanka da neman kwayil.

Ka gai da Habi da kyau, ka shafa mini kan ɗiya. Tasalla tana gaishe ku, ta ce kada in rubuta maganar kakin, na ce mata ba za ni rubuta ba. Yaya Saude tana tambaya ko za ta gan ka kafin ta mutu. In ka ji labarin Amiru ta wajenku, ka ce masa ɗiyansa suna nan da rai.

Jirgin Baba kuwa, wanda ya sassaƙa da maɗacin bayan gida shekarar da aka haife ka, na ba wani Bafulatani a kan buhun dawa makon jiya. Shanu suka ja shi kan rairayin gulbi har bakin rijiyar Kamarawa. A ciki suke shan ruwa yanzu.

Ni ne yayanka,
Malami Labbo.