Ka Rushe Mana Gida a Rusaifa, Ka Ce Mu Kai Ƙara Abuja

Zuwa ga Alhaji Garba, shugaban kamfanin gine-ginen da ya karɓi kwangilar gyaran gidanmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda shekarunka suka cancanta, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Mu kam ba lafiya muke ba, kuma ka san dalili.

Sunana Rabi'atu, 'yar marigayi Malam Idi tela na unguwar Rusaifa. A nan Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Na rubuta da Hausa, na kuma bari kowa ya karanta, domin da Hausa ka zauna a falonmu ka nemi aikin nan, kuma gidajen Hausawa kake bi kana karɓar irinsa. Na kira wayarka har na gaji. Na je ofishinka, mai gadi ya ce kana Jidda, alhali motarka tana fake a bakin ƙofa.

Na farko, aikin. Bayan Hajjin bara muka ba ka gyaran rufin gidan da ke yoyo da bangon da ya tsage. Yayana Usman, direban motar alhazai, shi ya sa hannu a madadinmu, muka ba ka rabin kuɗin aiki. Ka turo Bala, shugaban leburorinka. Ba tare da ya tokare komai ba, ya sa aka fasa bangon da ke ɗauke da rufin ɗakin mahaifiyarmu. Na tambaye shi ko mu fitar da Inna, ya ce kada in koya masa aikinsa. Bayan azahar, tana zaune kan sallaya tana lazimi, rufin siminti ya rufto mata. Ni na fara shiga. Ƙura ta cika ɗakin, ban ga komai ba sai ƙafarta guda. Da hannuna na riƙa yaye buraguzai har farcena ya fita. Da muka jawo ta, jini ya rufe mata fuska, ƙugunta ya karye, tana kiran sunan mahaifinmu da ya daɗe da rasuwa. Har yau ba ta taka ƙasa ba. Matar da take zuwa Harami da ƙafarta, yanzu sai an juya ta a kan gado, a wani ɗakin haya da muka kama a unguwar Misfala.

Ba ka je asibiti ka duba ta ba, Alhaji. Ko saƙon sannu ba ka aiko ba.

Na biyu, kuma wannan ne nake so jama'a su ji da kyau. Inna tana kwance a asibiti, sai ga Bala da mota da mutane, sun zo kwashe rodi da siminti, kayan da aka saya da kuɗinmu. Usman ya tsaya a bakin ƙofa ya ce babu abin da zai fita sai Alhaji ya zo da kansa. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga hannu ba. Ina tsaye a bayansa. Bala ya sunkuya ya ɗauki guntun rodi ya maka masa a hannu. Na ji ƙarar ƙashin. Da Usman ya durƙusa, ya ƙara masa a muƙamuƙi, haƙora suka zubo a kan matakala. Suka tsallake shi yana kwance cikin jini suna loda kaya. Da na kama rigar Bala ina ihu, ya hankaɗe ni na bugu da bango. Kafin 'yan sanda su iso sun tafi. Daga ranar ba a sake ganin Bala ba, kuma mutanenka da kansu suke faɗa cewa kai ka saya masa tikitin jirgi. Usman an sa masa ƙarfe a hannu. Ba ya iya riƙe sitiyari, kamfanin motoci ya sallame shi, abinci sai an dama masa.

Leburorin da suka ga komai 'yan uwanmu ne Hausawa, yawancinsu ba su da iƙama, takardar izinin zama. An bi su ɗaya bayan ɗaya an gaya musu duk wanda ya buɗe baki za a kai rahotonsa a kore shi daga ƙasar. Ban ga laifinsu ba da suka yi shiru. Laifin wanda ya tsorata su nake gani.

Na uku, kotu. Da muka kai ƙara a nan Makka, ba ka zo ba. Lauyanka ya miƙe ya ce wannan kotu ba ta da hurumi, domin kwangilar da sunan kamfaninka na Najeriya aka rubuta ta, kuma a ciki an ce duk saɓanin da ya taso sai a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Gaskiya ne layin yana nan. Usman ya gan shi ranar sa hannu, ya tambaye ka, ka yi dariya ka ce ai takardar ofis ce kawai, tsakanin Musulmi me zai kai mu kotu. Alƙali ya ɗage zama domin ya duba batun hurumin, kuma wannan aikinsa ne, ban yi ƙorafi da shi ba.

Ni ban taɓa zuwa Najeriya ba. Amma ban zauna ba. Na nemi ɗan ƙanwar Inna da ke Kano, ya kai takardar wurin lauya. Lauyan ya ce Babbar Kotun Tarayya ba ta sauraron rigimar kwangila irin wannan tsakanin mai gida da ɗan kwangila, balle gidan ma ba a ƙasar yake ba, kuma mutum biyu ba sa iya ba kotu hurumin da doka ba ta ba ta ba, ko sun rubuta shi da ruwan zinari. Da mun sayar da abin da ya rage mana mun tafi Abuja, korar ƙarar za a yi. Kai da ka daɗe kana kwangila a can ka san haka sarai. Ba kotu ka zaɓa ba, Alhaji. Wurin da babu wanda zai saurare mu ka zaɓa, tun kafin a fasa bulo ɗaya.

Ga abin da nake nema. Ka umarci lauyanka ya janye wannan hujja, ka zo ka tsaya a gaban alƙalin garin da ka rushe gida a cikinsa. Idan kana da gaskiya, faɗe ta a gabansa. Ka faɗa wa hukuma inda Bala yake. Ka ɗauki nauyin maganin Inna da na Usman, ka biya wani kamfani ya tayar mana da gidan, domin mutanenka ba za su sake taka ƙofarmu ba. Sannan ka cire hannunka daga kan leburorin nan.

Ina kuma sanar da kai, don kada ya zo maka ba zato: ɗaya daga cikinsu, dattijo ne mai furfura, ya zo Misfala ya duba Inna. Ya ga halin da take ciki. Da zai tafi ya ce mini zai ba da shaida, ko da daga kotun za a wuce da shi filin jirgi. Na gaya masa abin da zai iya rasawa, ya ce ya riga ya haɗa kayansa. Ba zan faɗi sunansa a nan ba. Za ka gan shi ranar zama.

Allah ya ba ka tsawon rai da lafiyar da za ka tsaya ka amsa. Allah ya sa ka gyara tun kana da iko, ya kuma tsare mahaifiyar 'ya'yanka daga kwana ƙarƙashin rufi irin wanda ka bar mana.

Wassalam.

Rabi'atu Idi,
Makka.