Na Mayar Masa da Ledojinsa

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya, ya raya yara. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, ka ga ta warke ke nan.

Saƙonka ya iso, wai in je in ba mai gidan da nake haya haƙuri. Ba zan je ba. Kai labari ka ji, ni ruwan kwata na kwashe. Ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi kwatar layinmu ta toshe, ruwa ya shigo ɗakina, ya jiƙa akwatin littattafan Baba. Ƙamus ɗin da ya koya mana karatu da shi ya dagargaje a hannuna. Na ɗauki manjagara na shiga kwatar. Leda ce zalla, yawancinsu da sunan kantin mai gidan namu a jiki, har da lambar waya. Shekara ashirin ina koya wa ɗalibai cewa tsintuwa mai suna a mayar wa mai ita. Sai na wanke su tas, na shanya a igiya a ƙofar kantinsa.

Ya ce ba shi ya zubar ba. Na ce gaskiya ne, amma ko ashana mutum ya saya sai an ninka masa leda biyu. Ya ce boko ya yi mini yawa, in tashi ƙarshen wata.

To ji abin da ya biyo baya. Matar mai gyaran babur ta shanya ledojin da ta tsinta a ƙofar mai magani, wasu matan layin suka bi sahunta. Mai burodi ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya koma takarda. Tela yana ɗinka jakunkuna da ƙyallayen da a da yake ƙonawa, har daga wasu unguwanni ake zuwa nema. Jiya na ga matar mai gidan kanta da guda, tana ɓoye ta a mayafi.

Mai gidan dai bai janye maganar tashin ba. In na durƙusa masa yau, gobe matan nan za su kwance igiyoyinsu. Don haka na fara ɗaure kaya, kuma ba a ledarsa ba. Duk inda na koma akwai kwata, ni kuma na iya karatu.

Ka gaida matarka, da 'yan biyu, da Auta. Inna da Kawu Dogo suna gaishe ku.

Yayarka mai taurin kai.